Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Mita Huɗu a Baranda

A makon jiya na tsaya a inda na kammala horon ƙwarewa a fannin cututtukan cikin jiki, aka damƙa mini ɗakin kwanciya na maza in riƙa kula da shi a ƙarƙashin malamina. An sha tambayata yadda aka yi mace mai shekara talatin da 'yan kai ta tsunduma cikin binciken tsufa, alhali sa'o'inta na rububin fannin zuciya da na ƙoda. Ga yadda abin ya faro.

Wata rana aka kawo mana wani dattijo da ciwon huhu. Da ƙafarsa ya shigo, yana dogara sanda, har ya ƙi yarda a ɗora shi a keken marasa lafiya. Muka ba shi gado, muka sa masa ƙarin ruwa da allurai, aka sa masa robar fitsari don kada ya wahala da zuwa bayan gida, aka ɗaga ƙarafan gefen gado don kada ya faɗo. Duk abin da aka koya mana, mun yi. Bayan mako biyu zazzaɓi ya tafi, numfashi ya daidaita, gwajin jini ya yi kyau. Na rubuta a fayil ɗinsa cewa a sallame shi, raina fari ƙal.

Da aka zo tafiya sai ya kasa miƙewa. Mutum biyu suka kama shi ta hammata, gwiwoyinsa na karkarwa, ya koma ya zauna a bakin gado. 'Yarsa, wadda ta yi jinyarsa tun ranar farko, ta biyo ni har baranda. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Likita, kin ce Baba ya warke. To ina ƙafafunsa?"

Na ce mata, "Kin san jikin tsufa, sai a hankali." Har yau maganar nan tana ci mini rai, domin tsufan da na jingina wa laifi, da shi mutumin ya shigo yana takawa.

Da yamma na sami malamina a ofis, na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Dakta, kin warkar da huhu, gado kuma ya cinye miki mutumin." Ya tambaye ni ko na taɓa jin sunan Marjory Warren. Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce in je in nemo ta.

Warren likita ce a Ingila. A 1935 asibitin West Middlesex da take aiki ya karɓi ragamar wani gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi, aka ɗora mata marasa lafiya sama da 700, yawancinsu tsofaffi da aka yanke ƙauna da su, wasu sun shekara da shekaru a kwance. Abin da ta yi ba wani sihiri ba ne. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta gano cututtukan da suke da magani amma ba wanda ya damu ya nema, ta sa aka gyara haske da daɓen ɗakunan, ta tayar da su daga gado. Da yawa suka koma gida. A 1943 da 1946 ta rubuta a manyan mujallun likitanci na ƙasarta cewa kula da tsofaffi fanni ne mai zaman kansa da ya kamata a koya wa ɗalibai. Ina karantawa jikina ya yi sanyi. Abin da ta gano tun kafin a haifi mahaifiyata shi ne na kasa gani a gabana.

Daga nan ɗakin karatu ya zama wurin kwanana. Takarda biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Ta farko ta Maria Fiatarone ce da abokan aikinta a Boston, ta 1990. Sun ɗauki tsofaffi goma daga gidan kula da gajiyayyu, masu shekara 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na tsawon mako takwas. A cikin taran da suka kammala, ƙarfin cinya ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. Mutum goma kacal! Amma sun isa su rushe zancen cewa tsokar ɗan shekara casa'in ta gama aiki. Ta biyu ta Linda Fried ce, ta 2001, wadda ta bi mutum sama da 5,000 masu shekara 65 zuwa sama a Amurka, ta ba raunin tsufa alamomi biyar da za a iya aunawa: ramewa ba tare da niyya ba, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa uku daga ciki, shi ne ƙaramar cuta za ta iya kayarwa. Na tuna dattijona. Ba wanda ya auna masa ko ɗaya daga cikin biyar ɗin, ni ma ban auna ba. Zafin jikinsa kuwa sau huɗu a rana ake rubutawa.

Ba ni da kuɗin bincike, ba ni da na'ura. Na samo tef ɗin awo da filasta da agogon ƙidayar daƙiƙa, na auna mita huɗu a barandar ɗakinmu, na manna filasta a farko da ƙarshe. Duk tsohon da aka ba gado, in yana iya tsayuwa, sai mu auna tafiyarsa ranar shigowa, mu sake aunawa ranar sallama. A tsakani kuma a zaunar da shi a kujera lokacin cin abinci, a cire robar fitsari da zarar ba dole, a taka da shi safe da yamma.

Shugabar nas-nas ce ta fara taka mini birki, kuma tana da gaskiyarta. Ta ce, "Dakta, in tsoho ya faɗi ya karye a hannunmu, ni za a kira, ba ke ba. In ya kwanta har ƙafarsa ta mutu, ba wanda za a tambaya." A cikin jimla biyu ta faɗi abin da na shafe shekaru ina rubutu a kai: faɗuwa tana da rahoto da mai laifi, kwanciya ba ta da su, saboda haka kowa ya fi son tsoho a kwance. Na ce, "Sista, to mu yi tare, duk wanda za a tayar ina wurin." Muka jawo masu gashin ƙashi, muka koya wa masu jinya yadda ake riƙe mutum ta ƙugu maimakon jan hannu. Bayan 'yan watanni ita ce ke tsayar da ni a zagayen safe tana cewa gado kaza bai taka ba jiya.

Na rubuta abin da muka gani, na aika wa mujalla. Aka dawo mini da shi. Na gyara, na aika wata, ita ma ta dawo da shi. Masu tantancewa sun ce mutanen sun yi kaɗan, asibiti ɗaya ne, kuma ba rukunin da aka kwatanta da shi. Na yi kuka a ranar, amma duk abin da suka faɗa gaskiya ne, kuma daga wasiƙunsu na koyi tsara bincike fiye da yadda na koya a aji. A ƙarshe wata ƙaramar mujalla ta buga shi.

Manyan hujjoji sun zo daga baya, daga hannun wasu. A 2007 Patrick Kortebein da abokansa suka kwantar da tsofaffi lafiyayyu kwana goma, suka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsoka daga ƙafafu kaɗai. Lafiyayyu fa, ba masu zazzaɓi ba. A 2011 Stephanie Studenski ta haɗa bincike tara na mutum 34,485, ta nuna cewa saurin tafiyar tsoho yana hasashen yawan shekarun da suka rage masa, kuma masu cin mita ɗaya ko fiye a daƙiƙa sukan zarce abin da ake zato ga sa'o'insu.

A nan zan ɗan ratse. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks mai suna Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin da ake kira h, wanda ke haɗa yawan takardun mutum da yawan waɗanda suka kafa hujja da su. Jami'o'i suka rungume shi, ya shiga zancen ƙarin girma. Ban raina shi ba, don ni ma da shi aka auna ni. Sai dai takarduna da aka fi ambato su ne waɗanda na tattara aikin wasu na yi sharhi a kai. Ta mita huɗu kuwa tana can ƙasan jeri. Amma ita ce wata matashiyar likita ta tare ni a kanta a wurin wani taro, ta nuna mini hoton barandar asibitinsu a waya, da filasta biyu a ƙasa. Ba ta taɓa rubuta takarda ba, don haka ba ta taɓa ambatona a ko'ina ba, kuma babu ma'aunin da ya san da ita. Shi ya sa na yi maraba da sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012, mai kira da a auna bincike da abin da ke cikinsa, ba da sunan mujallar da ta buga shi ba.

Na yi gaba da labari. Kusan shekara guda da manna filastar nan, ina tsaye a baranda da agogo a hannu, wani tsoho na takowa Sista na riƙe da ƙugunsa, sai na ji sallama a bayana. 'Yar dattijon nan ce, ta kawo wani ɗan'uwanta ganin likita. Na tambaye ta jikin Baba. Ta ce ai Baba ya rasu, bai ƙara takawa ba tun da suka bar wurinmu. Na yi mata ta'aziyya, muryata na rawa. Ta tsaya tana kallon tsohon har ya taka filasta ta biyu, na danna agogo. Sannan ta ce, "Da a ce kun fara wannan tun lokacin Baba."

A daren na zauna na fara cike takardar neman tallafin bincike ta farko a rayuwata. Yadda ta kaya da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.