Fizar Napoli ba ta jiran wanda ke kan hanya

Har yanzu ina jin haushin yadda muka bar fiza mai kyau ta lalace a gabanmu a wani ƙaramin gidan abinci na 'yan Italiya da ke cikin unguwa, kuma ba masu gidan nake jin haushi ba, domin su kam sun yi aikinsu yadda ya kamata. Wani abokin aiki ne ya gayyace mu cin abincin dare, ya haɗa da wani dattijo da yake girmamawa. Dattijon ya bugo waya ya ce yana kan hanya, a faɗi abin da za a ci kafin ya iso. Shi kuwa mai gayyatar ya ɗauka fiza abinci ce mai ɗaukar lokaci, sai ya kira mai kawo abinci ya ba da odar kowa a lokaci guda. Ko ruwan da aka zuba mana ba mu shanye ba aka fara jera faranti. Mai gayyatar ya ɗaga hannu ya ce, "Don Allah a ɗan jira Baba, yanzu zai shigo." Sai da muka yi kusan rabin awa muna kallon abincin.

Wanda ya saba da fizar da ake kawowa gida a kwali ba zai ga abin damuwa a rabin awa ba, amma gidan nan irin fizar birnin Napoli na Italiya yake yi, ita kuwa ba ta da wannan haƙurin. Daga inda nake zaune ina hango tanderun, mai siffar kubba, an tura itacen gefe guda, harshen wutar yana lasar rufin. Zafin irin wannan tanderu yakan kai digiri 430 zuwa 485 a ma'aunin Celsius, alhali tandar gida da ƙyar take wuce 250. Mai gashin yana buɗe kwaɓin da tafin hannu ba tare da muciya ko kwalba ba, ya shafa tumatir, ya yayyafa cuku, ya zura ta ciki da wani faffaɗan faranti mai dogon mariƙi, ya juya ta sau biyu ko uku, ya zaro. Ƙungiyar da aka kafa a Napoli a 1984 domin kare asalin wannan fiza ta ƙayyade gashin tsakanin daƙiƙa 60 zuwa 90, kuma abin da na gani da idona bai saɓa wa hakan ba.

Wannan saurin shi ne daɗinta, kuma shi ne ya sa ba ta jure jira. Wuta mai ƙarfi tana kumbura bakin fizar nan take, ta bar masa ɗigo-ɗigon baƙi, amma ba ta samun lokacin ƙafar da ruwan da ke cikin kwaɓin da tumatirin da cukun mozarella, wanda shi kansa ɗanyen cuku ne mai ruwa. Tsakiyarta kuma ba ta wuce kaurin milimita kaɗan ba. Idan ta fito, tururin da ke ƙarƙashinta ba shi da mafita sai ya koma ruwa a kan faranti. Ina kallo mozarellar da ta zo tana sheƙi ta dushe, ta daskare, ruwa ja-ja ya taru a tsakiya, bakin da ya zo a kumbure ya saki jiki. Da dattijon ya iso muka sa hannu, abin da muka tarar ya zama kamar tsumman da aka jiƙa, ana ja yana turjewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hukuncin da aka yanke a teburin. Wani ya ce ba ta gasu ba, wani ya nuna ɗigon baƙin ya ce ta ƙone, har aka fara maganar cewa gidan bai iya ba. Mutumin da ya kwaɓa fulawa tun sa'o'i da yawa kafin zuwanmu, ya bar yis ya yi aikinsa a hankali, ya tsaya a bakin wuta, shi aka ɗora wa laifin jiran da muka zaɓa da kanmu. Mai kawo abincin ma sai da ya zo wucewa ya sunkuyo ya ce wa mai gayyatar, "Yallaɓai, gara a ci da zafinta, idan baƙon ya zo sai a gasa masa tasa." Ba a saurare shi ba. Girmama babba abu ne mai kyau, kuma ba na jin dattijon zai so a ce saboda shi aka yi wannan asarar, tunda tasa fizar ba za ta ɗauki minti biyu a wuta ba.

Na koma gidan daga baya ni da mutum ɗaya, na zauna kusa da tanderu, na nemi marinara, wadda babu cuku a kanta sam, daga tumatir sai tafarnuwa da ganyen oregano da man zaitun. A nan ne na san abin da muka rasa a daren nan. Bakin yana da ɗan ƙaras-ƙaras a waje, ciki kuwa iska ce da laushi, ɗigon baƙin nan yana ba da ɗan ɗaci da ƙamshin hayaƙi wanda ke daidaita tsamin tumatirin. Abokin tafiyata ya ci Margherita, wadda ake ba da labarin cewa wani mai gasa fiza, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita ta Italiya a 1889 da launukan tutar Italiya: jan tumatir, farin cuku, koren ganyen ɗoɗɗoya. Da na ci tawa da zafinta na daina mamakin yadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya sana'ar masu gasa fiza na Napoli cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye a 2017.

Saboda haka duk wanda zai kai mutane irin wannan wuri, kada ya ba da oda sai kowa ya zauna, ko da mai lattin ya rantse yana bakin ƙofa. A sha ruwa, a ci ɗan abin taɓa baki, fiza ba za ta sa kowa jira ba. Idan ana da yawa, a sani cewa tanderu ba ya ɗaukar ta kowa a zubi ɗaya, don haka faranti za su riƙa zuwa bibbiyu ko uku-uku. A Italiya kowa da tasa fizar, a kawo masa ita ba a yanka ba, ya ci da wuƙa da cokali mai yatsu, amma ga taron jama'a na fi ganin a yanka duk wadda ta fara zuwa a raba, kowa ya samu rabonsa da zafi, sannan a jira ta gaba. A kuma rage kwaɗayin tara kaya a kai, domin kowane ƙari na kayan lambu ruwa yake saki, tsakiyar kuwa ba ta da ƙarfin ɗaukarsa. Idan yankan ya lanƙwashe, a naɗo tsininsa ciki a ninke shi biyu, ruwan ba zai zube ba.

Ragowar fizar daren gayyatar nan an zuba mana a kwali, tururi ya ƙarasa abin da jira ya fara. Washegari na ɗora yanka biyu a busasshen kasko mai zafi ba tare da mai ba, na rufe na ɗan lokaci har cukun ya narke. Ƙasan ya yi ƙarfi, an iya ci, amma laushin bakin bai dawo ba, kuma kuɗin da mai gayyatar ya biya kuɗin fiza ce mai fitowa daga wuta.