Asabar a farfajiyar Islamiyya

Yau hunturu ya sauko da ƙarfi, hazo ya rufe gari, amma da gari ya ɗan waye na ɗaure takalmin kambas na nufi Islamiyyar unguwarmu. Can muke haɗuwa don motsa jiki, mu matan da ke fama da ciwon suga, saboda katangarta doguwa ce, kowa ta saki jiki ba mai leƙenta.

Kafin a fara, nas ɗin da ke jagorantarmu ta sa kowa ta cire safa ta duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu. Ciwon nan yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali, ƙaya ta soke ki ba ki ji ba, sai ki wayi gari da gyambo.

Muka soma da tafiya, sannan sassarfa, muna tafi muna ɗaga hannuwa sama. Ma'auninta mai sauƙi ne: numfashi ya hau har ki kasa rera waƙa, amma ki iya magana. Ta sake tuna mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Nas ɗin ta ƙara da cewa kada a wuce kwana biyu a jere ba a motsa ba. Tsoka idan tana aiki tana zuƙe suga daga jini, har washegari jiki yana amsar insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, da kyau. Ni dai na shaida, barcina ya gyaru, gwiwoyina sun sassauta.

Ana cikin haka wata dattijuwa a gefena ta jiƙe da gumi cikin sanyin nan, hannunta na rawa.

"Inna, kin karya kuwa?"

Ta girgiza kai. Ashe glibenclamide, ƙwayar maganin ciwon suga, ta haɗiya ta fito da ciki wayam. Aka gwada, sugan jininta ya faɗi ƙasa da 70, wato ya yi ƙasa fiye da kima. Muka zaunar da ita kan tabarma, aka dama suga ƙaramin cokali huɗu a ruwa aka ba ta. Bayan minti 15 aka sake gwadawa, Alhamdulillahi ya hau. Da ita kaɗai ce a tsakar gidanta, wa zai lura? Saboda irin wannan nake son taron nan, kowa idonta na kan 'yar'uwarta.

Muka yi shawara kowa ta riƙa saka dabino ko alawa a jaka. Ni na raka Inna gida, na roƙi surukarta ta tabbatar ta ci ko ƙosai ne kafin ta fito ranar Litinin.