Kuɗin Cizo Ba Ya Ƙarewa da Feshi Ɗaya

Ba ƙazanta ce take kawo kuɗin cizo gida ba, duk da cewa haka mutane da yawa suke zato, domin jini kawai yake nema. Yawanci shigo da shi ake yi, a akwatin yaron da ya dawo hutu daga makarantar kwana, ko a kayan gwanjo, ko a tsohon gadon da aka saya a hannun wani. Da rana yana lafewa a ɗinkin katifa da mahaɗar katakon gado da tsagewar bango, kuma duk wanda ya ɗaga gefen katifa zai ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo, wato kashinsa, tare da ƙananan fararen ƙwai da suka manne a jikin yadin.

Wannan ƙwan shi ne tushen wahalar. Yawancin magungunan feshi ba sa kashe shi, kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, shi ya sa mai gida zai fesa magani ya samu barcin mako guda, sannan cizo ya dawo sabo fil. Abin da yake kashe ƙwaron da ƙwansa tare shi ne zafin da ya haura digiri 50 a ma'aunin Celsius. Saboda haka ni na fi yarda da a kwance gadon gaba ɗaya, a fito da shi tsakar gida, a bi kowace mahaɗa da tafasasshen ruwa, a wanke zanin gado da tufafi da ruwan zafi, a kuma bi su da dutsen guga. Kayan da ba sa son ruwa sai a ƙulle su a baƙar leda, a bar su su yini a ranar bazara. Katifa mai kauri kuwa shanya kaɗai ba ta isar mata, don ƙwaron yana gangarawa ɓangaren da ke inuwa, sai an goge ɗinkinta da buroshi an bi shi da guga. Bayan haka a toshe tsagewar bango da siminti, a janye gado daga jikin bango, a maimaita aikin bayan kwana 10. Ƙaurace wa ɗakin ba dabara ba ce, tunda ƙwaron yana iya yin watanni bai sha jini ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yayyafa fiya-fiya ko Sniper a kan katifar da yara za su kwanta. Sinadarin da ke cikin Sniper maganin ƙwarin gona ne, yana shiga jiki ta fata da numfashi, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni. Ƙwayar maganin ƙwari da ake sa wa hatsi a rumbu kuwa, idan aka ajiye ta a ɗaki don kashe kuɗin cizo, ta fi shi haɗari, domin da zarar ta ji danshi sai ta saki iskar guba wadda take ratsawa ta ƙasan ƙofa har ɗakin da ke kusa, kuma ba ta da makari.