Jinin mai jego da abin da ya koya mana game da gyaran harkar lafiya

Duk sanda aka tada zancen yi wa harkar lafiya garambawul, gini ne ke fara zuwa bakin mutane: sabon ɗaki, sabon inji, motar ɗaukar marasa lafiya. Mu da muke aiki a bakin gado mun san akwai tambayar da ta riga waɗannan. Wanda aka kwantar yau, me zai hana jinkirinmu ko kuskurenmu ya cutar da shi? Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar wajen zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya.

Ido ba ya awon jini, kuma mun daɗe kafin mu yarda da haka. Ungozoma takan dubi zani da tsumma da abin da ya malala ƙasa, ta ce bai yi yawa ba. Ba sakaci ba ne. Jini yana shigewa katifa, yana gauraya da ruwan haihuwa, ga shi mace mai ƙuruciya jikinta kan riƙe awon hawan jininta daidai har sai ta yi asara mai yawa, sannan ta zube lokaci guda. Wadda kuwa ta zo da ƙarancin jini tun goyon ciki, abin da wata za ta jure ita ya isa ya tafi da ita.

Binciken E-MOTIVE da aka fitar da sakamakonsa a 2023 ya gwada wata hanya a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. Kayan aikin ba wani abin a zo a gani ba ne: leda ce mai siffar mazurari da layukan awo, a shimfiɗa ta ƙarƙashin mai jego da zarar jariri ya fito. Ana duba ta duk minti 15 a awar farko, tare da bugun zuciya, awon hawan jini da taurin mahaifa. Idan jini ya kai mililita 500, ko 300 tare da wata alamar hatsari, an shiga aiki ke nan, ba sai an jira likita ya zo ya gani da idonsa ba. A asibitocin da suka bi wannan tsari an gano kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jini, a sauran kuwa kashi 51. Mummunan sakamako, wato asarar lita ɗaya ko fiye, ko buɗe ciki, ko mutuwa saboda jini, ya kasance kashi 1.6 maimakon 4.3.

Ledar kaɗai ba ta yi wannan ba. A da ana gwada magani ɗaya, a jira, in bai yi ba a gwada na gaba, jini kuwa ba ya jira. Yanzu a tare ake yi: a murza mahaifa, a ba da oksitosin (maganin tsuke mahaifa), a ba da tiraneksamik (maganin tsayar da jini) giram ɗaya ta jijiya a hankali cikin minti goma, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, a kira wanda ya fi ƙwarewa idan jinin bai tsaya ba. Wannan ba ya yiwuwa sai komai yana cikin akwati ɗaya a ɗakin haihuwa, ana ƙirga shi a kowane canjin aiki. In sai an rubuta wa miji takarda ya fita neman kemis da tsakar dare, an riga an makara, domin tiraneksamik amfaninsa yana raguwa da kowane jinkiri, bayan awa uku da haihuwa kuma ba a sa ran ya taimaka.

Oksitosin yana son firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya sha zafin watan Afrilu a kan kanta yana iya rasa ƙarfinsa alhali kwalbar tana nan fes, sai a yi ta ƙara allura mahaifa ba ta tsuke ba.

Akwai kuma abin da ke tada mana hankali ƙwarai: sabon gyara yakan zo da sabon hatsari. Da tiraneksamik ya yawaita a ɗakin tiyata, an samu inda aka ɗauke shi a madadin bufibaken, allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya kafin a ciro jariri, saboda kwalaben sun yi kama. Shigarsa lakar baya yana jawo jijjiga, zuciya ta rikice, sau da yawa a rasa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kai a 2022. Kariyar ita ce kada a ajiye shi kan teburin mai ba da allurar baya, a manna masa alama mai launi, mutum biyu su karanta sunan da ƙarfi kafin a zuƙa.

Irin wannan kuskure ba a gane shi sai wanda ya kusa yinsa ya faɗa. Nas ɗin da ta ce "na kusa ɗaukar kwalbar da ba ita ba", in aka ba ta takardar tuhuma, ta bayanta za ta yi shiru, kwalaben kuma su ci gaba da zama gefe da gefe. Saboda haka idan aka kawo mana kundin gyara, muna fara duba ko an ware kuɗin leda mai awo na shekara gaba ɗaya, da wutar hasken rana ta firji, da adadin ungozomar da za su iya komawa kan mace ɗaya duk minti 15 a aikin dare.