Inda na kai a ceto farar shadda da haske ya cinye a hoton JPEG

'Yan uwa masu koyon gyaran hoto, assalamu alaikum. A wannan zangon na jingine batun daidaita launin fata na koma kan wata matsala da kusan kowannenmu yake cin karo da ita, wato hoton da haske ya yi wa yawa har fararen wurarensa suka shafe, kuma babu abin da ke hannu sai fayil ɗin JPEG, wato matsattsen nau'in hoton da kyamara ko waya ta saba fitarwa. Hotunan da nake gwaji da su na wani ɗaurin aure ne da aka yi bayan sallar Juma'a, rana na tsaka, mafi yawan mahalarta kuma sanye da fararen kaya. Kyamarar ta auna haskenta da fuskoki, kuma da yake fatarmu tana da duhu sai ta buɗe sosai don fuskokin su fito. Fuskokin kuwa sun fito, amma manyan riguna suka koma farin fili, babu aikin wuya, babu furen shadda, babu ko lanƙwasar yadi a kafaɗa.

Abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne cewa aikin yana farawa da awo, ba da jan ma'auni ba. Kowane ɗigo na hoton JPEG yana ɗauke da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi, kuma kowace lamba tana tsakanin 0 da 255 ne kawai, domin bit 8 aka ware wa kowane launi, matakai 256 ke nan. Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen bayanin da kyamara ta ɗauka, na yawancin kyamarori yana da bit 12 ko 14, wato matakai 4,096 ko 16,384, kuma ba a riga an yanke masa hukunci kan launi da ƙarfin haske ba, shi ya sa ake iya janyo abubuwa daga farinsa. Shi kuwa JPEG kyamara ta riga ta gama girkinsa ta zubar da ragowar. Idan lamba ta kai 255 ta tsaya ke nan, kamar mudun da ya cika: ko an ƙara tafi ɗaya na hatsi ko an juye buhu guda, abin da mudun zai nuna ɗaya ne. Don haka wurin da lambobinsa uku duk suka kai 255 ba shi da wani bayani a ɓoye, kuma babu manhajar da za ta fito da abin da ba a ajiye ba.

Sai dai ido yana ruɗin mutum, domin a allon kwamfuta 247 da 255 duk fari ne ƙal. Hanyar da nake bi wajen rarrabe su a Photoshop ita ce in buɗe Levels, wato akwatin daidaita haske da duhu, in danne maɓallin Alt, sannan in taɓa farin ma'aunin da ke dama a ƙarƙashin jadawalin haske. Nan take allon yakan koma baƙi, sai wuraren da suka cika su bayyana da launuka. Inda ya fito ja, ɓangaren ja kaɗai ne ya cika. Inda ya fito rawaya, ja da kore sun cika amma shuɗi yana nan da rai. Inda ya fito fari kuwa, duka ukun sun tafi. A Lightroom danna harafin J yana shafa wa wuraren jan fenti a matsayin gargaɗi, wanda kuma yake aiki da GIMP, wadda kyauta ce, zai iya rarraba hoton zuwa falle uku, wato layers, shimfiɗun hoto da ake jerawa ɗaya a kan ɗaya, ta hanyar Decompose ya duba kowane ɓangare shi kaɗai. Da na yi wa hoton waliyyin ango wannan awo, sai na ga cewa abin da ya ƙone ƙurmus bai wuce saman kafaɗu biyu da wani ratsi a hannun riga ba. Ƙirjin rigar ya nuna rawaya, ƙasanta kuwa bai ma cika ba, lambobinsa suna yawo ne tsakanin 240 da 253. Riga ɗaya ke nan, amma matsala uku, kuma kowace da maganinta.

Kafin in shiga gyaran na yi abu biyu da ba su ɗaukar lokaci. Na nemi a turo mini asalin fayil ɗin a matsayin Document, ba a matsayin hoto ba, domin WhatsApp yana rage girman hoto ya sake matse shi idan an tura shi ta hanyar da aka saba, kuma abin da ya fara salwanta a wannan matsi shi ne ƙananan bambance-bambancen da muke nema. Sannan na mayar da hoton zuwa bit 16. Wannan ba ya ƙara masa ko ƙwayar bayani, amma yana ba lissafin manhajar wurin sakewa, ta yadda gyara a kan gyara ba zai riƙa gutsurar matakan da suka rage ba.

Na fara da ƙasan rigar, inda ake da rai. Shadda tana da wata ɗabi'a da ta sa wannan aiki ya fi wuya a kanta fiye da a kan farin yadi na yau da kullum: furenta ba rini ba ne, a cikin saƙa yake, kuma ana ganinsa ne kawai saboda zaren furen da na filin ba su mayar da haske daidai da juna. Idan kuma an kai ta wurin masu bugu ta sha duka ta yi sheƙi, hasken da take mayarwa ya ƙaru. Saboda haka duk furen yana zaune ne a cikin matakai goma zuwa goma sha biyu da ke dab da 255. Dabarar da aka fi koya wa sababbin shiga ita ce a kwafi hoton a sabon falle a sa shi a yanayin Multiply, kuma tana aiki gwargwado, amma yana da kyau a san lissafinta. Ana ninka lamba da kanta ne a raba da 255, don haka 240 takan koma 226, 250 ta koma 245, ita kuwa 255 ta ci gaba da zama 255. Tazarar da ke tsakanin matakan ta buɗe, furen ya fara leƙowa, amma wurin da ya ƙone bai motsa ba. Na fi samun yadda nake so da Curves, wato layin da ake lanƙwasawa don sauya haske, inda nake kafe ƙarshen layin na sama a wurinsa, in kama shi a wajen 235 in ja ƙasa, ta yadda gangaren ya yi tsini a wannan ɗan yanki kaɗai. Don kada fuskoki su yi duhu, nakan danne Ctrl in latsa RGB a jerin Channels, wanda yake zaɓo wurare gwargwadon haskensu, in yi marufi da wannan zaɓi, wato mask, wanda farinsa ke bayyana gyara baƙinsa kuma ke ɓoye shi, sannan in ƙara shafe fuska da hula da baƙin burushi mai laushi.

A nan ne iyakar JPEG take fara bayyana. Idan aka shimfiɗa matakai goma sha biyu a filin da ya kamata a ce matakai arba'in ne suka cika shi, sai a ga ratsi-ratsi a maimakon sulɓin da yadi yake da shi daga haske zuwa inuwa. Maganin da na samu shi ne ɗan ɓarɓashi kaɗan, wanda ake ƙarawa da Add Noise a kan wannan yanki kawai, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, mara launi. Yana farfasa gefen ratsin har ido ya daina kama shi. Wanda ya wuce haka sai shaddar ta koma kamar an barbaɗa mata yashi.

Ƙirjin rigar, wurin da ya nuna rawaya, shi ne ya fi cin lokacina kuma shi ne ya fi koya mini abu. Shaddar ba fara sol ba ce, tana da ɗan ruwan madara, don haka shuɗinta ya kasance ƙasa da ja da kore tun asali, kuma wannan ne ya cece shi. Da na buɗe ɓangaren shuɗi shi kaɗai, sai ga aikin aska takwas ya fito a bakin aljihu da gefen wuya, dishi-dishi amma ana iya bin layinsa. Na kwafi wannan ɓangare na liƙa shi a matsayin falle a saman hoton, na sa shi a yanayin Luminosity don ya ba da haske da duhu kawai ba tare da ya taɓa launi ba, na rufe shi duka da baƙin marufi, sannan na riƙa buɗe shi a hankali da farin burushi a kan ƙirjin.

Da na zuƙo hoton sosai, sai na tarar aikin ya zo da kayansa: ƙananan murabba'ai gida-gida sun cika wurin. Dalilin yana cikin yadda aka gina tsarin JPEG tun 1992. Ba ja da kore da shuɗi yake ajiyewa kai tsaye ba, yana raba hoto ne zuwa haske a gefe guda da launi a gefe guda, sannan ya yanka kowanne zuwa gidaje masu ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance ya matse su. A lissafin hasken, kore ne ke ɗaukar kusan kashi 59 cikin 100, ja kusan 30, shuɗi kuwa kusan 11 kacal. Ke nan idan ja da kore sun cika, mafi yawan abin da shuɗi ya riƙe yana zaune ne a sashen launi, kuma sashen launin ne aka fi wulaƙantawa wajen matsi, domin a yawancin hotunan waya da na intanet bayanin launi ɗaya ake ajiye wa ɗigo huɗu, gidan launi guda kuma ya mamaye ɗigo 16 a kowane gefe. Wannan ya sa ban bar fallen da cikakken ƙarfinsa ba. Na fara wuce shi ta Reduce Noise, inda akwai zaɓin rage tabon matsin JPEG, sannan na sauke ƙarfinsa zuwa ƙasa da rabi. Aikin wuyan bai dawo da kaifin da yake da shi a zahiri ba, amma a girman da za a buga hoton, wanda ya san rigar zai gane ta.

Saura kafaɗu. Jan ma'aunin Highlights ko Whites har ƙarshen hagu, ko a Camera Raw ne ko a Snapseed ta waya, ba ya dawo da komai a irin wannan wuri, yana mayar da farin fili ne zuwa fili mai ruwan toka. A ganina wannan ya fi ƙonewar muni, domin mai kallo ya saba ganin rana tana ƙyalli a kan farin kaya kuma ba ya tuhumar hakan, amma da ya ga toka a kafaɗar mutumin da ke tsaye cikin rana sai rigar ta yi masa kama da mai dauɗa. Na ga hotunan biki da dama da aka yi wa haka, kuma ina zaton masu gyaran sun tsaya kallon gargaɗin manhaja ne har ya ɓace, ba su koma sun kalli rigar ba. A kafaɗar hagu na yi sa'a, akwai wani hoton da aka ɗauka a jere da wannan lokacin da mutumin ya ɗan juya, kafaɗar ta shiga inuwar rumfa. Na yanko wurin, na daidaita girmansa da karkatarsa, na ɗaga haskensa har ya kusa da na kewaye, na sa shi a yanayin Darken da ƙarfi kaɗan. Kafaɗar dama ba ta da irin wannan gata, don haka na bar ta fara, illa dai na tausasa bakin iyakarta, na kuma shafa mata ruwan madarar da na ɗebo daga gefenta da burushi mai rauni ƙwarai don kada ta yi fice.

Na gwada Generative Fill, wanda ke ƙirƙiro abin cike gurbi da fasahar AI kuma ya shigo Photoshop a 2023, a kan kwafin hoton don in ga abin da zai yi. Ya cike kafaɗar da yadi mai kyan gani, har ya ƙaro wani ɗinki a gefen wuya, sai dai ɗinkin ba shi ne wanda maɗinkin ya yi ba, kuma bai yi kama da aikin kowace babbar riga da na sani ba. A hoton talla ko na ado ba na ganin laifin wannan. A hoton ɗaurin aure da iyali za su ajiye kuwa, ban ga dalilin sa wa dattijo rigar da bai taɓa mallaka ba, don haka na goge wannan kwafin.

Goshi da karan hanci ma sun ɗauki ƙyalli saboda gumi, kuma a nan ja ne ya fara cika. Sabon falle, launin da aka ɗebo daga fatar da ke kusa, da burushi mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 sun wadatar, amma ban kashe ƙyallin gaba ɗaya ba, domin shi ne ke ba fuska tudu da kwari. Walƙiyar da ke kan gilashin ido da agogo ban taɓa ta ba.

Da yake za a buga hoton a takarda, na sauke iyakar farin da ke fita a Levels daga 255 zuwa 250, saboda na'urar bugawa ba ta zuba tawada a wurin da ya kai 255, kuma a takarda mai sheƙi wurin yakan fita dabam idan aka karkata hoton. Aikin da kansa na ajiye shi a PSD, wato fayil ɗin Photoshop, da duk fallayensa, na fitar da JPEG sau ɗaya tak a ƙarshe, tunda kowace sabuwar ajiya a JPEG sabon matsi ne. Abin da ke gabana yanzu shi ne hotunan waje na lokacin hunturu, inda hazo yake mayar da sama fara tun kafin kyamara ta ƙara nata, kuma ina so in ga ko ɓangaren ja zai riƙe wani abu a can kamar yadda shuɗi ya riƙe a kan shadda. Wanda yake da irin waɗannan hotuna a asalin fayil ɗinsu ya fara yi musu awon Levels, mu kwatanta abin da kowa ya gani.