Lambar ƙarshe ce ke raba su: aikinmu kan murɗewar ɗan tsiron maraina

Ƙaramin kamfani nake da shi a Amurka, ni da ma'aikata 'yan kaɗan. Ba ma ganin maras lafiya. Rahoton da likita ya rubuta muke karɓa, mu mayar da shi lambobi, mu tura wa kamfanin inshora ko shirin gwamnati na Medicaid domin a biya likitan haƙƙinsa. Galibin waɗanda muke yi wa aiki likitocin mafitsara ne masu duba yara, shi ya sa wata lalura ba ta rabuwa da teburina, kuma da ita nake gwada duk sabon ma'aikaci.

A saman ƙwan maraina akwai wani ɗan tsiron nama da bai wuce 'yan milimita ba, likitoci suna kiransa appendix testis. Ragowar halitta ce tun daga cikin uwa, kuma yawancin maza suna da shi. Wani lokaci yakan murɗe, jini ya daina isa gare shi, yaro ya kama ciwo, musamman tsakanin shekara 7 zuwa 12. Ba shi da haɗari. Hutu da maganin rage zafi sukan wadatar, cikin mako guda ko makamancin haka ya lafa. Inda gizo ke saƙar shi ne, ciwon yana kama da murɗewar ƙwan kansa, wanda in ba a warware shi cikin kamar awa 6 ba, ana iya rasa ƙwan. Don haka in likita bai samu natsuwa ba, ba ya jira, sai ya shiga da yaron tiyata ya gani da idonsa.

Tun 1 ga Oktoba, 2015 Amurka ta koma tsarin ICD-10-CM wajen lambobin cututtuka. Lambar da a da muke rubuta wa murɗewar ɗan tsiron, 608.23, ta koma N44.03. Maƙwabtanta su ne ke ruɗa mutum: N44.02 da N44.01 murɗewar igiyar ƙwan ce, wato babbar matsalar, N44.04 kuma irin wannan ɗan tsiron ne amma wanda ke jikin bututun da ke bayan ƙwan. Akwai N44.00, wadda ba ta fayyace komai ba, kuma ita ce mafakar malalacin ma'aikaci. A ofishina ba a rubuta ta matuƙar rahoton ya faɗi abin da aka gani.

Aikin tiyata kuwa lambobin CPT ake ba shi, na Ƙungiyar Likitocin Amurka. Nan ne na fi sa ido. Takardar shiga ɗakin tiyata kusan kullum cewa take yi ana zargin murɗewar ƙwai, wanda lambar gyaransa 54600 ce. Ma'aikaci mai garaje yana ganin haka sai ya ɗauka, ya tura. Amma in ka sauka tsakiyar rahoton, sai ka tarar likitan ya buɗe, ya iske ƙwan lafiya ƙalau, ɗan tsiron ne ya yi baƙi, ya cire shi ya rufe. Babu ƙwan da aka warware. Abin da muke rubutawa a nan 54512 ne, cire wani abu da ke wajen naman ƙwan. In daga jikin bututun aka cire, 54830. Ita kuma 55110, ta buɗe jakar maraina don dubawa, sai in an buɗe ba a yi komai ba, domin dubawa tana cikin aikin da aka yi, ba a cajinta daban.

Ina tsananta wa kan wannan saboda dalili biyu. Neman kuɗin aikin da ba a yi ba zamba ce a dokar ƙasar, musamman in kuɗin gwamnati ne, kuma sunan likitan da ya amince da ni ne a kan takardar. Sannan lambar tana bin yaron. Shekaru su wuce, wani likita ya buɗe tarihinsa ya ga an rubuta ƙwansa ya taɓa murɗewa an gyara, sai ya ɗauka an riga an ɗaure shi a mazauninsa, alhali ba a taɓa ba. Ranar da ciwo na gaske ya zo, wannan kuskuren na iya jawo jinkiri. Ba na son hannuna a ciki.

Yaran da ba su kai ga tiyata ba ma suna da nasu lissafin. Ƙa'idar waɗanda ba a kwantar ba ita ce, ba a ba zato lamba. In likitan sashen gaggawa ya rubuta "mai yiwuwa" ko "ana zargi", abin da yaron ya zo da shi muke rubutawa: N50.811 ciwon ƙwan dama, N50.812 na hagu, ko N50.82 ciwon jaka. Sikanin jaka 76870 ne, kuma in a asibiti aka yi, likitan karantawa kawai ya yi, sai mu liƙa masa ƙarin lamba 26 mai nuna hakan. Na auna gudun jini, 93976, ba ma ƙara shi sai rahoton ya nuna an yi awon da gaske, ba leƙawa kawai ba.

Ƙananan abubuwa biyu ne suka fi dawo mana da takarda. N44.03 ba ta nuna ɓangare, don haka a jikin lambar tiyatar muke sa RT (dama) ko LT (hagu). Sai 57: in a ranar da likita ya duba yaron ya yanke shawarar tiyata, dole a liƙa ta a kuɗin dubawar, in ba haka ba inshora ta haɗiye shi cikin kuɗin tiyatar.

In rahoto ya zo a dunƙule, ba mu da hurumin cike gurbi da tunaninmu. Tambaya muke mayar wa likitan a rubuce, ba tare da mun nuna masa amsar da ta fi kuɗi ba: me ya murɗe, me aka cire, daga ina, wane ɓangare. Wasu likitocin sukan ji haushin tambayar, kuma takan jinkirta biya. Takardar tana zaune a wurinmu har sai amsar ta iso da sa hannunsa.