Sana'ar ƙirga ƙwayoyin kumfa

Aikin ɗan kamfaninmu shi ne auna daɗewar kumfa. Masu haɗa sabulun ruwa da shamfu da kumfar kashe gobara ne suka fi aiko mana da samfuri, kuma kukansu ɗaya: kumfarsu na saurin kwantawa.

Tun 1941 akwai gwajin Ross da Miles, inda ake zubo ruwan sabulu daga sama cikin dogon bututun gilashi, a auna tsayin kumfar nan take, a sake aunawa bayan minti biyar. Har gobe ana yin sa. Sai dai tsayi ba ya nuna abin da ke cin kumfar, shi ya sa muka koma kan kyamara. Tana ɗaukar hoto a kai a kai, manhaja kuma ta zagaye kowace ƙwaya, ta ƙirga su, ta auna faɗinsu.

Da haka ake gane cutar. Wata kumfar ruwanta ne ke tsiyayewa ƙasa, sai a ga duhun da ke tsakanin ƙwayoyin yana sirancewa. Wata kuma bangon da ya raba ƙwaya biyu ne ke fashewa, su zama ɗaya farat ɗaya. Ta ukun ce ta fi ruɗar mutane, domin babu abin da ya fashe. Matsin iska a cikin ƙaramar ƙwaya ya fi na babba, don haka iskar ke silalewa ta bango zuwa babbar, ƙaramar ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace. Masanin lissafi John von Neumann ya nuna a 1952 cewa a kumfar da aka matse tsakanin gilashi biyu, ƙwaya mai gefe fiye da shida girma take yi, wadda ba ta kai shida ba ta tsuke. A hotunanmu muna kallon hakan ƙiri-ƙiri. Idan wannan ce matsalar, nau'in iskar ma abin dubawa ne, tunda wadda ke saurin narkewa a ruwa ta fi saurin ratsa bango.

Mutane sukan ɗauka manhaja ce wahalar. Ina! ImageJ, manhajar nazarin hotuna, kyauta ce, kuma tana aiki. Haske ne ke ba da ciwon kai. Kumfa sheƙi gare ta, fitila na ɗan karkacewa sai kwamfuta ta ƙirga ƙwaya ɗaya sau biyu. Saboda haka ba na sa hannu a rahoto sai na ɗauki wasu hotunan na ƙirga da idona, na gwada da lissafin na'ura.

Ina kuma gaya wa kowane abokin ciniki cewa ƙwayoyin da ke jikin gilashi kawai kyamara ke gani, ba na tsakiya ba. Don haka mukan haɗa da auna ruwan da ya taru a ƙasan bututun, mu rubuta zafin ɗakin a kan kowane sakamako.